Yadda Ake Kawo Kifin Ƙanƙara Daga Nowe Har Kasuwannin Arewa

Taitus da shawa da ake fitowa da su daga kwali a daskare kamar itace ba daga Kogin Haɗeja ko Tafkin Chadi suke ba. Kifin teku ne, da yawansa daga ruwan Nowe da Holan, wani kuma daga gaɓar Muritaniya. Kafin ya shiga tukunyar miya a Kano ko Maraɗi ya yi makonni a kan teku, a cikin wata farar kwantena mai inji a goshinta.

Aikin ba daga kwantenar yake farawa ba. Masu wannan sana'a sun sha faɗa cewa kwantenar sanyi ba ta daskarar da kaya, riƙe sanyin da aka miƙa mata kawai take yi. Ka ɗauke ta kamar kular da ake zuba ƙanƙara a kai wajen biki: in ka zuba mata ruwan zafi, ba za ta mayar maka da shi ƙanƙara ba. Saboda haka tun a cikin jirgin masunta ake zuba kifin a tankunan ruwan teku da aka sanyaya. Da jirgin ya iso gari irin Alesund, sai a zuƙo kifin zuwa masana'anta, a ware shi gwargwadon girma, a jera a kwali mai kilo 20, a tura shi ɗakin da iska mai tsananin sanyi ke kaɗawa. Ba a fito da shi sai sanyin ya ratsa har ƙashin bayansa, ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, ko ma ƙasa da haka.

Ita ma kwantenar ana yi mata shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Makanike zai wanke cikinta, ya duba robar bakin ƙofa, ya kunna injin ya gwada fankoki da na'urorin awon sanyi, ya share ramukan da ruwa ke fita. Mai kaya kuma tun lokacin da ya nemi gurbi a jirgi ya rubuta wa kamfanin jirgin yawan sanyin da yake so. Lambar nan ita ake sa wa injin, ita ce kuma za a kafa hujja da ita idan rigima ta tashi daga baya.

Sai an san yadda aka gina cikin kwantenar kafin a gane dalilin dokokin lodi. Bangonta biyu ne, an cusa soso mai kauri a tsakani don hana zafin waje shiga. Daɓenta ba shimfiɗe yake ba, layuka ne na alminiyom masu kwaroro a tsakaninsu, tun daga gindin injin har bakin ƙofa. Injin yana hura iskar sanyi ta cikin kwaroron nan, iskar ta bi ƙarƙashin kaya, ta tashi sama, ta biyo rufi ta koma wurin injin a sake sanyaya ta. Shi ya sa akwai jan layi a jikin bango kusa da rufi. Duk wanda kwaɗayin ƙarin kwali goma ya sa ya tsallake layin nan, ya toshe wa iska hanyar komawa, kuma kayan bakin ƙofa su ne za su fara saki.

Kifin da ya daskare ana jera shi ne a matse, kwali a jikin kwali, ba gurbi, ya zama kamar dunƙulen ƙanƙara ɗaya. Ba a bukatar iska ta ratsa cikinsa, ta kewaye shi kawai ta tare zafin da ke sulalowa ta bango. Ana rufe tagar shigar iskar waje ruf. Lokacin lodi kuma ana kashe injin muddin ƙofa na buɗe, domin in yana aiki zai zuƙo damshin waje ya daskare a jikinsa. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar kimanin tan 25 na kifi. Da an gama, a rufe ƙofa, a ɗaura hatimi mai lamba, a kunna.

Ɗanyen kaya kuwa wani sha'ani ne daban, kuma a ganina nan ne gwanintar aikin take. Ayabar da ake fitarwa daga Ekwado ko Kamaru tana da rai ko bayan an sare ta: tana numfashi, tana fitar da zafi da iskar kabon, da kuma wata iska da ake kira etilin, wadda ke sa 'ya'yan itace nuna. Duk wanda ya taɓa ƙunshe ɗanyen mangwaro a buhu don ya nuna da wuri ya yi amfani da ita, ko bai san sunanta ba. A kwantena kishiyar haka ake nema. Ana sare ayabar tana kore shar, a sa ta a kwali mai huji don iska ta ratsa, a buɗe tagar iskar waje kaɗan don etilin ta fice, a tsayar da sanyin a wajen digiri 13 zuwa 14 sama da sifili. In sanyin ya wuce haka, ɓawon ya dushe, ba za ta yi nuna mai kyau ba. In ya gaza, ta nuna a tsakiyar teku. Wasu kwantenonin ma ana rage musu iskar oksijin har ayabar ta zama kamar mai barci. Ɗanyen nama kuma ana riƙe shi dab da daskarewa ba tare da ya daskare ba, kifin tuna da Japanawa ke ci ɗanye kuwa har digiri 60 ƙasa da sifili ake kai shi.

Injin kwantenar ba shi da wutar kansa. A kan tirela ana maƙala masa janareta mai shan dizal. A tashar jirgin ruwa akwai sashe na musamman mai soket-soket, wuta mai layi uku, bolt 380 zuwa 460. Idan ƙugiya ta ɗaga kwantenar zuwa jirgi, ana cire filogin na ɗan lokaci, da ta zauna a gurbinta ma'aikata su jona ta da wutar jirgin. Daga nan kullum sai an zagaya an duba allon kowace kwantena, yanzu ma da yawa suna aika bayanin halin da suke ciki kai tsaye zuwa ofishin kamfani. Injin yana rubuta sanyin kowace awa, don haka in wuta ta yanke a hanya, ba a iya ɓoyewa.

Sana'ar ta daɗe. A 1882 jirgin Dunedin ya ɗauko daskararren naman tumaki daga Niyu Zilan, ya yi kwana 98 a teku, ya isa Landan naman lafiya lau. Kwantena kuwa sai a 1956 Malcom McLean ya fara loda ta a jirgi a Amurka.

Mu koma kan kifin. Idan ya iso Legas, a tashar Apapa ko Tinkan, kwantenar na zaune a jone da wuta har wakilin mai kaya ya gama da kwastan da hukumar NAFDAC. Kowace rana ta jinkiri kuɗin wuta ne da na ajiya, kuma a kan farashin kifin za su sauka. Daga nan a kwashe zuwa ɗakin sanyi, sai a loda wa mota mai firiza ta kama hanyar Arewa, tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Kano.

Wannan zangon na ƙarshe shi ya fi damuna. Kifin da aka yi makonni ana tsaron sanyinsa awa bayan awa, sai ya lalace a hannunmu cikin kwana biyu: direba ya kashe injin don ya rage shan mai, wuta ta ɗauke a ɗakin sanyi janareta bai tashi ba, kwali ya wuni a rana a kan teburi, da yamma a mayar da ragowar firiza. Taitus na cikin kifayen da, idan suka jima a ɗumi, suke tara wani sinadari mai suna histamin, mai sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da gudawa. Sake daskarar da kifin ba ya kawar da shi, suya da dahuwa ma ba sa kashe shi.

Don haka, mai saye, dubi kwalin kafin ka dubi farashi. In ka ga ya taɓa jiƙa ya bushe, ko jini ya taru ya daskare a gindin ledar, kifin ya taɓa narkewa aka mayar da shi. Danna cikinsa da yatsa: in ya lotsa, ko ya fashe, ko wari ya buge ka, bar shi a wurin komai arhansa.