Daga Arlit zuwa Yamai: a huta kafin a shiga fili

Ƴan ƙwallon Arlit, irin su ƴan ƙungiyar Urana, tafiyar sama da kilomita 1,000 ke jiransu duk ranar da wasa ya kai su Yamai. Agogo ba ya canjawa kamar na masu tashi zuwa Amurka, amma jiki na gaya musu: ƙafa ta kumbura, cinya ta sandare, barci ya watse.

Masu horarwa, don Allah ku isa da kwana biyu a hannu. A Agadas da Tawa a sauka a tattaka, a miƙe jijiyoyi. A riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi. In fitsari ya yi ja, an makara. Shayi mai ƙarfi bayan la'asar kuwa, a haƙura da shi, yana hana barcin dare. Washegarin isa Yamai, atisaye mara nauyi ya wadatar.