Kafin ka ƙara wa tsohuwar mota fitilu

Mai tsohuwar Peugeot 504 a Yamai da ke son ƙarin fitilu yana da hujja. Hanyar Dosso zuwa Birnin Ƙonni da dare duhu ne, ga jakuna ga amalanke marasa alama, fitilun ainihi kuma sun dushe. To amma yadda aka haɗa su ne abin lura. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan sama da amfiya 9 a batir mai bolt 12, kuma tsohuwar wayar da robarta ta bushe tana tsattsagewa ba za ta jure wannan nauyi ba. Ka sa makaniki ya ja sabuwar waya daga batir, da fis da rile, ya haɗa ta da babbar fitila, ta yadda da zarar ka rage haske ƙarin fitilun za su mutu.

Wasu za su ce makunni daban ya fi sauƙi da arha. Gaskiya ne, sai dai direba kan manta da shi, ya kashe wa mai tahowa ido, kuma motar da direbanta ba ya gani kanka za ta nufo. Wannan ya fi tarar jandarma tsada.

Haka nan, abin da aka ƙyale a Yamai ba lallai ya wuce a Illela ko Jibiya ba, inda jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke aiki da dokar Najeriya. Ka tabbata lambar shasi ta dace da takardar mota, inshorarka ta shafi ƙetare, fitilun kuma farare ne ko rawaya, ban da ja ko shuɗi a gaba.