Darasi: Ikkilisiyun Lutheran Biyu a Nijeriya

'Yan'uwa manoma, mutane da yawa suna zaton Lutheran ɗaya ce a ƙasarmu. Manyansu biyu ne.

Babbar ita ce LCCN, mai hedkwata a Numan, Jihar Adamawa. Dokta Niels Brønnum na ƙasar Denmark ya fara aiki can a 1913. A 1973 Akila Todi ya zama bishop na farko. Yau membobinta sun wuce miliyan 2, amma yawancinsu suna Adamawa da Taraba.

Ƙaramar ta fara a 1936 cikin Ibibiyo, hedkwatarta tana Obot Idim kusa da Uyo. Membobinta ba su kai dubu 200 ba.

To, mu nan Farfaru fa? Ɗan Lutheran da fataucin hatsi ko aikin gwamnati ya kawo shi iyakar Jibiya ya yi nisa da gida ƙwarai. Sau da yawa ECWA zai shiga sujada, amma sunansa yana littafin Numan. Ran rabon taki sai a tsallake shi.

Sakatare ya duba littafin ƙungiya kafin damina: baƙi nawa ke noma tare da mu ba a rubuta su ba?