Mayya Ce ko Mai Sihiri? Darasi a Kan Labaran Soyayya Masu Tsafi a Ciki

 

Darasin wannan makon gardama ce ta haife shi. Makonni uku da suka wuce, malamar Turanci da ke kula da kulob ɗinmu ta kawo mana wani littafi daga gidanta, bangonsa duk ya tattare saboda karatu. Ta ce mu 'yan aji biyu mu karanta shi bi da bi, mu rubuta taƙaitaccen labarinsa da Hausa. Mun karanta lafiya, duk da sai da muka yi ta buɗe ƙamus. Da muka zo rubutu ne kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya, wato witch. Ƙamus ɗin ɗakin karatu ya ce mayya. Wata a cikinmu ta ce ita ba za ta rubuta haka ba, don matar da ke cikin littafin ba ta ci kurwar kowa ba. Muka yi ta ja-in-ja har aka kaɗa ƙararrawa. Abin da muka gano bayan nan shi ne muka kawo muku.

Da farko, wane irin littafi ne wannan? A ƙasashen Turawa, musamman Ingila da Amurka, akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ke haɗa soyayya da sihiri. Soyayyar mai sauƙi ce, ba ta da nauyi, kuma akwai ban dariya. Jarumar yawanci budurwa ce mai wata baiwa ta ɓoye. Tana da kyanwa, da tukunyar haɗa magunguna, da tsohon kundi da ta gada daga kakarta, wani lokaci har da tsintsiyar da take hawa ta tashi sama. Irin wannan jaruma ta daɗe. Tun 1962 aka fara buga labarin wata yarinya mai suna Sabrina a mujallar zane a Amurka, tana zuwa makarantar sakandare kamar mu, tana fama da darasi da saurayi da sihirin da kullum yake kwaɓe mata. A 1974 Jill Murphy ta fitar da The Worst Witch, labarin Mildred wadda ta fi kowa rashin ƙoƙari a makarantar koyon sihiri. Sai kuma Harry Potter na J.K. Rowling da kusan kowa ya ji sunansa, littafi bakwai daga 1997 zuwa 2007. A cikinsa Hermione, yarinyar da ta fi kowa ƙwazo a aji, ita ma witch ake ce mata.

Namu littafin sunansa Howl's Moving Castle. Diana Wynne Jones, wata marubuciya 'yar Birtaniya, ta fitar da shi a 1986, kuma a 2004 Hayao Miyazaki na ƙasar Japan ya mayar da shi fim ɗin zane. Ga yadda labarin yake.

Sophie budurwa ce 'yar shekara 18, babba a cikin 'yan mata uku. Aikinta ɗinkin huluna a shagon da mahaifinta ya bari. Ta riga ta sa wa ranta cewa 'yar fari ba ta yin sa'a a rayuwa, don haka ba ta fita, ba ta magana, ko namiji ya gaishe ta a titi sai ta firgita. Wata rana wata muguwar mai sihiri ta shigo shagon, ta yi mata asiri, nan take ta koma tsohuwa tukuf mai kusan shekara 90. Ƙari a kan haka, asirin ya ɗaure mata baki, ba ta iya gaya wa kowa abin da ya same ta. Sai ta ɗauki mayafinta da ɗan guzuri ta bar gari, ta je ta shiga gidan wani matsafi mai suna Howl, gidan da ke tafiya da kansa a kan tuddai, ta naɗa kanta mai shara da goge-goge ba tare da kowa ya ɗauke ta aiki ba.

Mutanen gari suna cewa Howl yana cinye zukatan 'yan mata. Da Sophie ta zauna da shi sai ta ga ashe saurayi ne ɗan gayu, mai ɓata awanni a banɗaki yana gyaran gashi, ga ragwanci, ga gudun duk wani aiki mai wuya. Akwai ranar da ta yamutsa masa kwalaben man gashi wajen shara, gashinsa ya canja launi, ya yi fushi irin na yara har jikinsa ya riƙa tsiyayar da wani koren abu mai yauƙi ya cika ɗaki. A nan wanda ke karanta mana a fili ya kasa ci gaba saboda dariya. Amma dai wannan Howl ɗin ne ke sayar wa talakawa magani da araha ya tsuga wa masu kuɗi. Kuma gaskiya ne ba shi da zuciya a ƙirjinsa: ya ba wani aljanin wuta mai suna Calcifer ita, a wata yarjejeniya da ke cutar da su duka biyun. Ba za mu faɗi ƙarshen ba, don akwai mutum shida a layin jiran littafin.

Abu na farko da malama ta ce mu lura da shi: mene ne aikin sihiri a labarin? Mun ɗauka amsar ita ce don a burge mai karatu. Ta ce mu sake dubawa. Da muka duba sai muka ga sihirin ne ya cire wa Sophie abin da ake cewa shi ke jawo so, wato ƙuruciya da kyan fuska. Saura hali kawai. Kuma abin mamaki, tsufan ne ya buɗe mata baki. Tunda ta ga ba wanda zai kalle ta balle ta ji kunya, sai ta fara faɗin abin da ke ranta, tana yi wa Howl faɗa kamar jikanta. Idan har so ya shiga tsakaninsu, ka ga ba hoda ko kwalli ne ya kawo shi ba. Marubuciyar ta yi amfani da ƙarya mai girma, ta mayar da budurwa tsohuwa cikin ƙiftawar ido, don ta gwada wata tambaya ta gaskiya.

Abu na biyu shi ne iyaka. A littafi mai kyau sihiri yana da farashi, kuma akwai abin da ba ya iya yi. Idan jaruma za ta iya kaɗa sanda komai ya gyaru, labari ya ƙare a shafi na uku. Babban abin da sihiri ba ya saya a waɗannan littattafai shi ne so. A Harry Potter na shida, wanda ya fito a 2005, malamin haɗa magunguna ya nuna wa ɗalibai maganin ƙauna mafi ƙarfi, ya kuma bayyana musu cewa ba so yake haifarwa ba, zaucewa ce kawai. Ron ya ci alewar da wata yarinya ta zuba wa irin wannan magani, wadda Harry aka nufa da ita, ya tashi yana sambatun yarinyar da ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Wannan wurin dariya ne. Amma a littafin dai an nuna cewa mahaifiyar babban mugun labarin da sihiri ta samu mijinta, kuma ranar da ta daina, ya tafi ya bar ta da ciki.

Da muka zo nan sai 'yan matan kulob suka ce ai wannan ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa littattafan soyayya na Hausa da yayyenmu ke karantawa, ko ya saurare su a rediyo, ya san uwargida ko amarya da ke zuwa wurin boka neman mallaka. Miji ya koma sai abin da aka ce masa, ya manta da uwarsa, sannan wata rana a tono layar da aka binne, komai ya watse. Bambancin shi ne a namu littattafan mai zuwa wurin boka ita ce muguwa, kuma abin tsoro ne. A na Turawa mai sihirin ita ce jaruma, kuma abin wasa ne. Amma a kan maganar sayen zuciya bakinsu ɗaya.

Wani ɗan ajinmu ya tambaya ko ya halatta ma a karanta irin wannan. Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu yi masa dariya ba. Dukanmu mun san addini ya haramta sihiri, Musulmi da Kirista na kulob ɗin ba mu saɓa a kan wannan ba. Mu dai abin da muka ce shi ne mun taso muna jin tatsuniyar Dodo da Gizo, ba wanda ya taɓa fita neman Dodo a bayan gari. Wanda iyayensa suka hana shi, ya bi maganarsu. Littattafai ba su ƙare ba.

Yanzu mu koma kan kalmar da ta jawo gardama. A al'adar Hausawa, idan aka ce maye ko mayya, ana nufin wanda aka yi imani yana da ƙanƙarar maita a cikinsa, yana kama kurwar mutum, mutumin ya yi ta ciwo har ya mutu. Shi ya sa za ka ji yara suna cewa kurwata kur. Idan aka zargi mace, a wasu wurare har tilasta mata ake yi ta tsallaka mara lafiyar wai don ta sake shi. Hermione da Mildred ba su da alaƙa da wannan ko kaɗan. Su a makaranta suke koyon abinsu, da littafi da jarrabawa, kamar yadda muke koyon lissafi. Don haka muka yanke shawarar rubuta mai sihiri a fassararmu, muka bar mayya.

Sai dai malama ta ce kada mu ɗauka kalmar ta Turanci tun asali abin wasa ce. Kyanwar Sabrina sunanta Salem. Mun zaci suna ne kawai mai daɗi. Ashe sunan wani gari ne a jihar Massachusetts ta Amurka. A 1692, a gidan limamin cocin ƙauyen Salem, Samuel Parris, 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar uwarta Abigail mai shekara 11 suka fara faɗuwa suna ihu suna murɗewa. Aka matsa musu su faɗi wanda ke cutar da su. Suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, da Sarah Good, matalauciya mai bara, da Sarah Osborne, mara lafiya da ta daɗe ba ta zuwa coci. Ku duba waɗanda aka fara zaɓa. Babu mai gata a cikinsu. Daga nan abu ya bazu kamar wutar daji, aka zargi mutum sama da 150. An rataye 19, mata 14 da maza 5. Wani dattijo mai suna Giles Corey ya ƙi amsa tuhuma, aka yi ta ɗora masa duwatsu a ƙirji har ya mutu. Ɗaya daga cikin masu zargin, Ann Putnam, shekararta 12 a lokacin, ƙasa da mu da shekara ɗaya. A 1706 ta tsaya a gaban jama'ar coci aka karanta takardar neman gafararta. Waɗanda aka rataye ba su ji ba.

Ɗakin ya yi tsit da malama ta gama. Dalilin shirun, wasunmu sun sani. Akwai wata tsohuwa da ke sayar da gyaɗa da aya a hanyar da yawancinmu ke bi idan an tashi. Idonta ɗaya ya yi fari, kuma takan yi magana ita kaɗai. Tun muna aji ɗaya muka tarar ana cewa kada a sayi gyaɗarta, kada a haɗa ido da ita. Wasu yara sukan yi ihun kalmar nan su ruga a guje. Ba za mu ce mu 'yan kulob hannunmu a wanke yake ba. Da muka zauna muka tambayi juna wa ya taɓa ganin ta cutar da wani, babu ko ɗaya. Kowa cewa yake ya ji ne daga wani. Malamin kimiyya ya ce farin idon nan da alama yanar ido ce, wadda ke kama tsofaffi da yawa kuma ana yin aikinta a asibiti.

Ita ma Sophie haka ta same ta. Tana komawa tsohuwa, aka gan ta a gidan matsafi, sai magana ta zaga gari cewa Howl ya samo witch. Ita ta ɗauki abin da raha, don a duniyar littafin ba a jifan kowa saboda haka. Mun karanta wurin mun yi dariya, kuma ba mu tuna da mai gyaɗa ba sai bayan darasin Salem. A littafi mun san cewa a cikin tsohuwar nan akwai budurwa mai suna da 'yan uwa da tarihi, saboda marubuciyar ta shigar da mu cikin kanta tun shafin farko. Mai gyaɗa kuwa ko sunanta ba mu sani ba.

Ranar Alhamis da ta wuce mu huɗu muka tsaya muka sayi gyaɗar naira ɗari. Muka ce, "Sannu Iya, ya kasuwa?" Ta daɗe tana kallonmu da idon nan mai gani kafin ta amsa, sannan ta yi mana gyara. Gyaɗar ta ɗan yi gishiri da yawa, amma mun cinye.

Ga aikin wannan makon ga mai sha'awa. Ka zaɓi labari ɗaya mai sihiri ko aljanu a ciki, na Hausa ko na Turanci, ko tatsuniyar da kakarka ta ba ka. Ka rubuta mana a layi goma abin da sihirin ya kasa yi a labarin, da kuma wanda ya biya farashinsa. A jefa a akwatin kulob da ke ƙofar ɗakin karatu kafin ranar Laraba, da suna da aji. Guda uku da suka fi kyau za mu manna su a nan. Wanda littafin Sophie ke hannunsa kuma, don Allah ya dawo da shi ranar Litinin, kwanansa tara ke nan.