Kafin a Zuba Dutse a Injin Niƙa

A duk dutsen da ake haƙowa don neman zinari, zinarin ne mafi ƙanƙanta a cikinsa. Mu da muke aikin gwajin ma'adinai, da giram muke lissafa zinari a cikin tan guda na dutse, kuma ramin da ya ba da giram 10 a kowane tan, ramin arziki ne ko a wace ƙasa. Ragowar nauyin, wato kusan tan ɗin baki ɗaya, wasu abubuwa ne daban: farin dutse, ƙarfe, tagulla, wani lokaci sinadarin arsenik, wani lokaci dalma. Idan an cire zinarin an tafi da shi kasuwa, su waɗannan ba inda suke zuwa. A nan inda aka daka dutsen ko aka niƙa shi suke zama.

Masu kawo mana samfur, mahaƙa ne ko dillalai, tambayarsu ɗaya ce: "Injiniya, duba mana ko akwai kaya a ciki." Idan na ce, "Alhaji, kaya akwai, amma dalmar da ke jikin dutsen nan ta yi yawa," amsar da na fi ji ita ce, "To ita dalmar ana saye ne?" Ba na ganin laifinsu. Mutum ya zuba kuɗinsa a rami, yana ciyar da leburori, dole riba yake hange. Amma wannan tambaya ta biyu da ba a yi, wato me kuma ke cikin dutsen bayan zinari, ita ce ta ci rayukan yara a Zamfara.

A farkon shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ko na sanƙarau ba ya yi masa komai. Da aka gwada jininsu sai aka ga dalma, har na'urar da ke aunawa, wadda iyakarta maikrogiram 65 a kowace desilita ta jini, ta kasa faɗin adadin na yara da yawa domin sun wuce iyakar. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi da abokan aikinta a ƙauyuka biyu ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka ƙiyasta sun mutu ta haura 400, ban da dubban da gubar ta shiga jikinsu. Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega: sunayen ƙauyuka ne da duk wanda ke wannan sana'a ya kamata ya riƙe.

Farashin zinari ya tashi a lokacin, ya haura dala 1,000 a kan oza, sai mutane suka riƙa kai buhunan dutse cikin gida. Mata suna fasawa da guduma da turmi a tsakar gida, ana niƙawa a busasshe da irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a inda yara ke rarrafe. A wasu wuraren dalmar da ke cikin dutsen ta wuce kashi 10 cikin 100. A yi lissafi: kilo 100 ke nan na dalma a cikin tan ɗin da ake sa ran samun giram kaɗan na zinari. An auna ƙasar wasu wuraren aikin an samu dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali mizanin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sakamakon da masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, suka fitar a 2013 bayan sun nazarci samfuran dutse da ƙasa da ƙura daga waɗannan ƙauyuka. Asalin dalmar a cikin dutsen galena take, wannan baƙin dutse mai ƙyalli da ake daka kwallin gargajiya da shi. Galena sabuwa ba ta saurin narkewa a cikin mutum. Amma jijiyar dutsen da ke kusa da doron ƙasa ta sha ruwan sama da iska na tsawon zamani, sai yawancin galenar ta rikiɗe ta koma wani nau'in dalma da muke kira kabonet, fari ko toka-toka, wanda ido bai cika bambanta shi da sauran dutse ba. Shi wannan nau'in, da ya haɗu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi, narkewa yake yi ya shige jini. Sannan injin ya zo ya mayar da shi gari mai laushi wanda ke manne wa hannun yaro, ya sauka a kan tuwo, ya shiga randa. Saboda haka sanin yawan dalma kaɗai bai wadatar ba, sai an san a wace siga take da kuma yadda aka niƙa ta. Ramukan da talaka ke iya haƙawa da diga da shebur su ne na sama-sama, kuma a nan ne wannan nau'in mai saurin narkewa ya fi taruwa.

Gyaran da aka yi daga baya mai wahala ne. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka kai aka binne, aka zubo sabuwa, domin maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfanar yaron da zai koma ya zauna a cikin ƙurar. Bagega ba ta samu nata gyaran ba sai 2013, bayan dogon jiran kuɗi. A 2015 kuma abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Shekara biyar ke nan da sanin musabbabin, amma sanin bai isa bakin ramin ba.

Nan ne nake ganin gazawarmu mu masu binciken. Muna da hukumar binciken ƙasa da ɗakin gwajinta a Kaduna, muna da cibiyar bunƙasa sarrafa ƙarafa a Jos, ga sassan nazarin ƙasa a jami'o'i. Ana rubuta sakamako da Turanci a ajiye a kanta, mai injin niƙa a Anka bai taɓa jin labarinsa ba. Alhali na'urar da za ta amsa tambayar ba ta fi a riƙe a hannu ɗaya ba. Ana kiranta XRF, a ɗora bakinta a kan dutse ko gari, cikin minti guda ko biyu ta nuna dalma da arsenik da tagulla. Ba ta da amfani sosai wajen faɗin yawan zinari a ɗanyen dutse, wannan sai an narka samfur da wuta a ɗakin gwaji, amma wajen gano guba ta isa. Tana da tsada ga mutum ɗaya. Ga ƙungiyar mahaƙa ko ƙaramar hukuma kuwa, ba abin da zai gagara ba ne.

Ita ƙurar ma an gwada maganinta. A wani aiki da MSF ta yi da ƙungiyar OK International tare da mahaƙa a jihar Neja, an sa feshin ruwa mai laushi a wajen niƙa, aka auna iskar da ma'aikata ke shaƙa kafin da bayan haka. Dalmar da ke cikin iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100, ƙurar farin dutse mai taurara huhu ta ragu da kusan kashi 80. Ruwa ne da famfo da bututu. Nakan gaya wa masu injin cewa ƙurar da ke tashi ba guba kaɗai take ɗauke da ita ba, har da ƙananan ƙwayoyin zinarin da suka biya kuɗin haƙowa, kuma na lura wannan maganar ta fi shiga kunnensu.

Batun zaiba, wato mekuri, da ake kama zinari da ita a ƙona, babi ne mai zaman kansa. A taƙaice, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma bai kamata a ƙona ta a ɗaki ko a murhun girki ba. Akwai tukunyar ƙarfe mai bututu da ke kama tururin ya koma ruwa a sake amfani da shi, kuma mai walda zai iya ƙera ta.

Ga wanda zai kawo dutse gwaji, roƙona kada ya zaɓo mafi kyau a cikin tarin. Kusan kowa haka yake yi, sai sakamako ya fito da zaƙi, a zuba jari, ramin ya kasa biya. A ɗebo daga wurare daban-daban na jijiyar, sama da ƙasa, mai kyau da marar kyau, a farfasa a gauraya, a raba huɗu a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a maimaita har ya zama abin da za a iya ɗauka. A haɗo da garin da ya rage bayan an wanke, domin a nan dalmar ke zama, kuma da shi wasu ke yin bulo ko cike rami a gida. A ce wa mai gwajin ya rubuta dalma da arsenik a takardar tare da zinarin. Duk lokacin da jijiya ta sauya launi ko aka buɗe sabon rami, a sake gwadawa, don rami biyu da ke kallon juna suna iya bambanta ƙwarai. Kafin sakamako ya fito kuma, dutsen da buhunsa da kayan da aka yi aiki da su su kwana a bakin aiki, mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa.