Tsayayyen Ma'aunin Lantarki a Cikin Ƙwayar Silikon

Gabatarwa

Da a ce mudun awo yana buɗewa da bazara, ya tsuke da hunturu, da ciniki ya lalace a kasuwa. Haka al'amarin yake ga na'urori. Duk na'urar da ke yin awo tana bukatar wani tsayayyen ƙarfin lantarki wanda za ta riƙa gwada saura da shi. In wannan ma'auni ya goce, ana iya cika batirin waya ya wuce kima har ya lalace. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dabarar da ake bi a tsayar da shi.

Matsalar

Ƙarfin lantarkin da ke tsakanin ƙafafu biyu na tiransistan silikon kusan bolt 0.6 ne. Amma kuwa ba ya zama wuri ɗaya, domin duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1, sai ya ragu da kimanin milibolt 2. Ke nan ƙarin digiri 50 zai zaftare milibolt 100, wato kashi ɗaya cikin shida.

Maganinta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka sai a kawo tiransista biyu, ɗaya ta ninka ɗaya faɗi sau 8, a tura musu lantarki daidai wa daida. Ratar da ke fitowa tsakaninsu kusan milibolt 54 ce, ita kuwa hawa take yi da zafi, da kimanin milibolt 0.18 a kowane digiri. In an riɓanya ta sau 11, hawanta ya yi daidai da saukar na farko. Da an haɗa su, sai hawa ya cinye sauka, a sami kusan bolt 1.2 tsayayye.

David Hilbiber ne ya fara nuna wannan hanya a Amurka a 1964. Robert Widlar ya sauƙaƙa ta a 1971, sannan Paul Brokaw ya fito da fasalin da ya shahara a 1974.

Kammalawa

Duk da haka, da sauran rina a kaba. Saukar ba a miƙe take sosai ba, tana da ɗan lanƙwasa, kuma ƙwayoyin da aka ƙera tare ba sa fitowa iri ɗaya. Shi ya sa waɗanda ake nema don awo na ƙwarai akan gwada su ɗaya bayan ɗaya a masana'anta, a daidaita su kafin su shiga kasuwa.