Marsandin Gado a Kamba: Da Wane Gyara Ya Kamata a Fara?

Wasiƙar mai karatu

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, daga wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin garin da Bagudo da kasuwannin bakin iyakar Benin. Ya bayyana cewa mahaifinsa ya rasu ya bar Marsandi ƙirar E 220 ta shekarar 1994, irin wadda aka fi sani da Bi-but, wadda marigayin ya sayo daga Kwatano tun zamanin da ake shigo da motoci ta Malanbil da Gaya, kuma ta kusa shekara uku a ƙarƙashin rumfa ba a tayar da ita ba. 'Yan'uwansa sun ce masa da fatar baki ya riƙe ta tunda shi ne babba. Da aka sa sabon batir injin ya tashi da ƙyar, rediyon kaset ɗin da ta zo da shi kuwa ya kawo wuta amma ya ƙi magana, sai dai yana nuna alamar neman wata lamba. Wani mai wayarin ya ba shi shawarar a cire rediyon, a faɗaɗa gurbinsa, a saka babban allo na Android mai karɓar filash da Bluetooth. Yana tambaya ko ya amince, da kuma gyaran da zai fara da shi, ganin kuɗin hannunsa ba su da yawa, alhali burinsa motar ta koma yadda mahaifinsa ya riƙe ta, har da sauraron labaran Hausa a kan hanya.

Amsa

Allah ya jiƙan mahaifin mai wasiƙar, ya sanya albarka a abin da ya bari. Shawarar wannan fili ita ce rediyo ya zama na ƙarshe a jerin ayyukan, kuma in lokacinsa ya zo a yi aikin ta yadda za a iya mayar da komai kamar da, ba tare da an yanke waya ko an fasa katakon dashbod ba.

Abu na farko shi ne tabbatar da mallaka, domin a shari'ar Musulunci mota tana cikin tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, wadda ba a raba ta sai an fitar da kuɗin jana'iza da basussuka da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Yardar baki tsakanin 'yan'uwa abu ne mai kyau, sai dai ba ta isa ba idan akwai matan marigayin ko ƙananan yara a cikin magada, shi ya sa ya dace a ƙiyasta kuɗin motar a halin da take yanzu, kafin a kashe mata ko kwabo, a rubuta a gaban malami ko alƙali cewa ta faɗa rabonsa ko ya biya sauran haƙƙinsu. Wanda ya gyara mota kafin rabo yakan tarar ana yi mata kuɗi da darajar da aljihunsa ya ƙara mata. Haka kuma a nemo takardar kuɗin fito ta asali, a yi canjin suna, domin a ranar 1 ga Janairun 2017 dokar gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa ta fara aiki, kuma mai bin hanyar Kamba zuwa Bunza da Birnin Kebbi ya san yawan shingayen da ake tambayar takarda a kansu.

Motar kuwa ta cancanci wahalar. Tana cikin jerin da kamfanin Mercedes-Benz ya kira W124, wanda aka fara ƙerawa a ƙarshen 1984 aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1990, kuma injinta mai silinda huɗu yana aiki da sarƙa a maimakon bel, abin da ya sa yake jure doguwar tafiya matuƙar ana canza baƙin mai a kan kari. Sai dai zama yana lalata mota fiye da tafiya, don haka kafin a sake tayar da ita a zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a canza matatar mai da baƙin mai da ruwan lagireto, a kuma duba kowane tiyo na roba. Man birki yana shan danshin iska har ya rage ƙarfin kamu, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Tayoyi ma suna tsufa ko da zanensu bai cinye ba, kuma lambobi huɗu da ke gefensu suna nuna mako da shekarar da aka yi su. A yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, lagireto da fankar injin suna gaba da fenti da kujeru wajen buƙatar kuɗi.

Akwai wata matsala da aka san motocin Marsandi da ita daga farkon shekarun 1990 zuwa wajen 1996, wadda ta shafi damin wayoyin da ke kan injin, domin robar da aka lulluɓe su da ita takan bushe ta farfashe saboda zafi, wayoyin su taɓa juna, injin ya riƙa shaƙewa ko kwamfutarsa ta ƙone. Ya kamata makanike ya buɗe damin ya duba, tare da neman ɓarnar ɓeraye, sannan a tsaftace fis-fis ɗin da suka yi tsatsa. Wajen sayen kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, a tafi da lambar shasi, wadda take farawa da WDB124, domin kayan 230 E na shekarun baya ba duka ne suke shiga E 220 ba.

Game da rediyon, alamu sun nuna bai mutu ba. Yawancin rediyoyin Marsandi na wancan zamani kamfanin Becker na Jamus ne ya ƙera su, kuma suna da kariyar sata, wato da zarar an cire batir sai su kulle har a shigar da lambar sirrinsu, wadda akan rubuta a wani ɗan kati da ke tare da littafin motar. A bincika takardun marigayin da akwatin dashbod, a kuma guji shigar da lambobi da ka, domin kuskure bayan kuskure yana tsawaita kullewar. Idan katin ya ɓata, ƙwararren mai gyaran rediyo zai iya buɗe shi, ya canza bel ɗin kaset da ya narke, sannan akwai 'yar na'urar da ake sokawa a gurbin kunna taba ta aika sautin wayar salula ta zangon FM, wadda ke biyan buƙatar karatu da waƙa ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, domin wasu daga cikin waɗannan rediyoyi suna kama gajeren zango na mita 49, inda a shekarun baya ake kama Rediyon Najeriya na Kaduna a kan kilohaz 6090, alhali allunan zamani da yawa sun raunana a matsakaicin zango, gajeren kuwa ba su da shi sam.

Idan canji ya zama dole, a san cewa gurbin rediyon motar yana kan ma'aunin da ake kira DIN, wato faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, babban allo kuwa yana neman ninkin wannan tsayi ko fiye, abin da ba zai yiwu ba sai an yanke katakon da ba a samunsa cikin sauƙi. Akwai sababbin rediyoyi masu wannan ma'auni da ke karɓar filash da Bluetooth, kuma a zaɓi wanda aka yi wa kasuwar Turai ko Afirka, domin na Amurka yana tsallake tashoshin matsakaicin zango da tazarar kilohaz 10, a nan kuwa tazarar 9 ce, don haka ba zai tsaya daidai a kan 594 na Kaduna ba. A haɗa shi da soket na tsakani, a bambance wayar da ke da wuta kullum da wadda ke samun wuta sai an murɗa makulli, domin haɗa su wuri guda shi ke shanye batir cikin dare. A kuma haɗa wayar da ke ɗaga eriyar lantarki ta baya, sannan a lura da ɗan faifan da ke kusa da giya a motoci da yawa na wannan ƙira, wanda ke raba sauti tsakanin lasifikun gaba da na baya, domin sabon rediyo mai mafita huɗu yana buƙatar a kewaye shi don kada ya ƙone.

Tsohon rediyon a naɗe shi a ajiye tare da katinsa ko da an canza shi, domin masu sayen tsofaffin Marsandi suna ƙara kuɗi a kan motar da kayanta na asali suka cika. Idan mai wasiƙar ya bi wannan jeri, daga rabon gado da takardu zuwa birki da taya, sannan inji da wayoyi, kuɗinsa kaɗan za su tafi inda ransa da zumuncinsa suka fi buƙata, kuma duk mai gyaran da ya ɗauko zarto ko almakashi zai nufi dashbod ɗin, ya kamata a dakatar da shi a nemi wani.